Ƙaryar da Na Ba Dakta a Kan Masu Awon Gero

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasar nan, lokacin da kowane malamin firamare ke mafarkin babur sabo fil, ni ina koyar da aji biyar a Jibiya. In an tashi makaranta ba ni da wurin zuwa sai bakin shingen kwastan. Nakan zauna a bencin mai shayi ina kallon manyan motoci suna fita Maraɗi da hatsi, suna dawowa da shanu. Ina da sa ido, ban taɓa musun wannan ba. A nan hedimasta ya same ni wata ranar Laraba, tare da wani dogon mutum mai tabarau da ya fito daga farar motar jami'a.

Aka ce Dakta ne, bai daɗe da dawowa daga Amurka ba. Bahaushe ne ɗan birni, amma makarantar kwana da zaman waje sun cinye rabinsa. Ya ce jami'arsu ta sayi kwamfuta mai cika ɗaki guda, ta fi malamai ɗari lissafi, amma ba ta san cewa in an zuba gero a buhu mai huji zai ragu kafin a kai Maraɗi ba. Yana so ya koya mata hankali irin na kowa, wato abubuwan da ba wanda ke faɗa saboda kowa ya riga ya sani. Aikina shi ne in rubuta masa su, kowane ɗaya a katinsa.

Na ɗauka wasa ne, ashe aikin ya fi koyar da lissafi wuya. Abin da ka sani tun kana goye shi ya fi ƙin fitowa a baki. Sai na zauna a kara, kasuwar dabbobi, tun hantsi kafin in lura cewa wanda ya shigo da igiya a hannu babu dabba, saye ya zo yi. In jaki ya dawo gida shi kaɗai da kaya a bayansa, a fita neman mai shi. Direban da ya sauko yana fara'a tun daga nesa wajen jandarman Nijar, takardunsa ba su cika ba. Shekara biyu ina wannan, har ƙauyukan Riko da Bugaje na taka a kan kekena. Na cika akwatin ƙarfe da katuna, ni na kasa su gida-gida, ni kuma na gano cewa kowace ƙa'ida tana da "sai dai in" a gindinta. Dakta ya yi tsalle da ya ji wannan, ya ce Turawa ma yanzu suke kokawa da shi.

Ranar da ya zo ɗaukar akwatin, muna tsaye a ƙofar gidana, ya ce, "Malam, zan buga littafi. In sa sunanka tare da nawa?"

Zuciyata ta yi fari ƙal. Amma bakina ya ce, "Haba Dakta, mi na yi? Ai ba komi, bar shi kawai."

Ya ce, "To, madalla," ya shiga mota.

Kowa ya san amsar da na ba shi ba amsa ba ce. Ko tuwo aka miƙo maka, sai ka ce ka ƙoshi, mai gida ya sake tayi, ka noƙe, ya matsa, sannan ka wanke hannu. Kara ce kawai. Kuma Dakta ba zai ce bai sani ba, domin da hannuna na rubuta masa wannan a kati, ya karanta a gabana har ya yi dariya. Na jira tayi na biyu wata goma sha ɗaya. Abin da ya zo ta gidan waya littafi ne mai koren bango, sunansa shi kaɗai a kai. A shafin godiya ya gode wa jami'a, ya gode wa matarsa, ya gode wa direbansa.

Na tsane shi, tsana mai sanyi wadda ba ta hana ka gaisawa.

Bayan damina sai ga shi ya dawo, ya yi ƙiba, yana neman ƙarin katuna a kan kasuwar hatsi. Na tarbe shi da fura. Na ce, "Ranka shi daɗe, ai mu naka ne." Na rubuta masa ɗari biyu na gaskiya, na cusa guda bakwai na ƙarya a tsakani, kamar tsakuwa a cikin shinkafa. Wadda na fi ji da ita ita ce wannan: mai awon gero a Jibiya ba ya fuskantar arewa in yana awo, don kada albarkar hatsi ta tsallaka Nijar. Ƙarya ce tsagwaronta. Masu awonmu inuwa suke bi, duk inda ta juya nan suke juyawa. Da Dakta ya taɓa tsayawa a layin 'yan hatsi na minti goma da ya gani, amma takalminsa ba ya son ƙasar kasuwa.

Shirina mai sauƙi ne. In bari ya buga, in bari a yaba masa, sannan in tashi a gaban manyansa in tsiraita shi.

Ya buga kuwa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda ƙaryar za ta yi ƙafa. Wani ɗalibinsa ya ɗauko ta a kundin digirinsa. Wani Bature ya ɗauko daga ɗalibin. Wani masani a Faransa ya ɗauko daga Baturen, har ya ƙara da cewa mai yiwuwa al'adar ta samo asali ne tun kafin a shata iyaka. Dakta da kansa yake aiko mini da takardun, yana alfahari. Ina karantawa ina lashe baki.

Da na ji za a yi babban taro a jami'arsu don karrama aikin, na sa rigata ta Sallah na hau mota. Zaure ya cika maƙil. Dakta ya nuna yadda kwamfuta ke amsa tambaya: aka ce mata mai awo yana kallon kudu, ina Nijar take? Ta ce bayansa. Aka yi ta tafi. Da aka ba da damar tambaya na miƙe, na faɗi sunana da garinmu.

Na ce, "Wagga magana ta arewa ƙarya ce. Ni na ƙirƙire ta, ni na rubuta katin. Ku zo Jibiya ranar kasuwa ku gani da idonku."

Na kalli Dakta ina jiran in ga fuskarsa ta zube. Shugaban taron, wani farfesa mai furfura, ya gyara tabarau ya ce, "Malam, masana uku sun tabbatar da wannan a rubuce. Kai a wane littafi ka dogara?"

Sai Dakta ya tashi yana murmushi, ya ce ya san ni, mutumin kirki ne, na taɓa taimaka masa da masauki. Ya ce wannan shi ne ainihin wahalar bincikensu: mutane ba su san abin da suka sani ba. Aka sake tafi, ya fi na farko ƙarfi. Na zauna. Wani na kusa da ni ya miƙo mini lemo.

Na dawo gida ban gaya wa kowa ba. Bayan shekara guda wani ƙunshi ya zo ta gidan waya, sabon bugun littafin ne, an naɗe kusurwar wani shafi don kada in sha wahalar nema. A ƙasan shafin, cikin ƙananan haruffa, ga sunana cikakke, har da na mahaifina, ba kuskure ko ɗaya. An rubuta cewa wannan malami ɗan Jibiya ya musanta al'adar a bainar jama'a, abin da ke nuna yadda karatun boko ke raba mutum da hankalin mutanensa.

Nan ne kaɗai aka taɓa buga sunana a littafi. An ce har yau ɗalibai suna kawo ni misali a jarrabawa. Dakta ya daɗe da rasuwa, mutane suna ta yi masa addu'a, ni dai ban yafe ba.