Sandar Ammu Salim a Bakin Tahuna

Har gobe ban manta da ranar da muka kunna dinamo, injin ba da wutar lantarki, a wata tsohuwar tahuna a Wadi Fatima ba. Wajen ƙarshen shekarun 1960 ne, ina babban makaniki a wani gareji a Mahjar, nan Jidda. Tahuna dutsen niƙa ne da ruwa ke juyawa. Wannan tun ta kakanni ce, injin dizal ya kashe mata kasuwa, sai mai ita ya so ta ba masallacin ƙauyen wuta. Kafilina, wato ubangidana a wurin aiki, ya ce, "Yalla ya Haruna, aikinka ne."

Ƙarfe bai taɓa ba ni tsoro ba. Na sauke dutsen, na gyara fankar da ruwa ke bugawa, na haɗa ta da dinamo. Rigimar a kan ruwa take. A can rabon ruwan marmaro ake yi, kowace gona da lokacinta, ita ma tahuna da nata. Wuta kuwa kullum take son ruwa.

Ammu Salim, dattijon da gonarsa ke ƙarshen magudanar ruwan, ya tare ni. In ruwa ya ragu, dabinonsa ne za su fara bushewa.

Ya ce, "Ya mu'allim, in moyata, ruwan gonata, ta ragu ko da yatsa ɗaya, da hannuna zan toshe tahunarka."

Na ce, "Ammu, aron ruwan zan yi, ba shanyewa ba."

Na gina hanyar siminti da ke mayar da ruwan cikin magudanar kafin wurin rabo. Duk tsagar da na gani tana yoyo kuma na liƙe ta.

Ranar gwaji Ammu Salim ya zo da sandar reshen dabino mai tsaga ɗaya, ma'aunin da ubansa ya bar masa. Muka buɗe ruwa, fanka ta juya, ƙwan lantarkin masallaci ya kama. Mutane na ta kabbara, shi ko kallo bai yi ba. Ya tsoma sandarsa, ruwa ya haye tsagar. Wallahi na ji daɗi, har na gyara tsayuwa ina jiran yabo.

Ya ɗago fuska a murtuke. "Ya ƙaru. Wannan ƙarin ba nawa ba ne ni kaɗai."

Bai bari ruwan ya shiga gonarsa ba sai da ya tara sauran manoma aka sake rabo, sannan ya ce mini, "Halas, shi ke nan, ci gaba da wutarka."

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, kafin ku auna ƙarfin ruwa ku tambayi masu haƙƙi a cikinsa. Ni a wurin dattijon da ya ƙi ƙarin da ba nasa ba na koya.