Sadakar Arba'in ɗin Yayana

Yayana ya dawo daga yaƙin Turawa bayan mun riga mun yi masa sadakar arba'in. Dako aka ɗauke shi, shi da ya saba ɗaukar huhun goro a tashar jirgin Kumasi. Wani abokin tafiyarsa ne ya zo har Zongo ya rantse wa Inna cewa da idonsa ya ga gawarsa. To, me za mu yi? Muka yi kuka, muka toya waina, malamai suka yi addu'a.

Ranar da ya shigo, ina daka sakwara. Wallahi taɓarya na saki na ruga bayan Inna, ina salati kamar na ga aljani. Inna kuwa ta kama shi ta shiga lalube, hannu, ƙafa, haƙarƙari, har baki ta sa ya buɗe. Ko ƙwarzane babu. Ta ce alhamdulillahi, lafiyarsa lau. Mu ma muka ce lau, muka cika shi da tuwo da miya.

Ashe ba lau ba. Mutumin da a da yake riga ladan zuwa masallaci, sai a kira salla yana zaune yana kallon buta. Ci yana ci, har kumatu ya yi, amma fira babu, dariya babu. Aka kawo rubutu ya sha, wata maƙwabciyarmu 'yar Asante ta dafa masa saiwoyi. Duk a banza.

Ni bakina ba ya shiru. Wata la'asar na ce, "Yaya, kai da Allah ya fitar daga bakin bindiga, goshinka ne ya fi ƙarfin ƙasa?"

Bai kalle ni ba, Inna ya kalla. Ya ce, "A dajin nan, duk sanda na faɗi, sai in ce Inna na can tana roƙon Allah ya dawo da ni, in tashi. Da shi na rayu. Na zo na tarar ashe rahamar kabari kike roƙa mini. Ban san me ya riƙe ni ba, Inna. In na ɗaga hannu yanzu, ba na jin komai."

Innalillahi! Ban taɓa sanin mutum zai yi ƙiba alhali cikinsa wayam ba.

Da asuba na ji muryarta a tsakar gida. Ta shimfiɗa buzunta a ƙofar ɗakinsa, ga shi a ciki, amma tana cewa da ƙarfi, "Ya Allah, ɗana ya yi nisa. Ka dawo mini da shi." Na ce shi ke nan, tsohuwa ta zautu. Haka ta yi ta yi kullum, har ranar ruwa, maƙwabta na leƙe.

Mun shiga damina sosai, wata safiya ta shafa addu'a za ta naɗe buzu, sai daga cikin ɗaki muka ji, a hankali, "Amin, Inna."