Ƙaramar Lambar Kalanda

Surukata Mama Luyen ba ta yarda da tambayar "me za a dafa yau" ba. Ta ce wannan tambaya ita ke cinye rabin rayuwar mace. Shekara talatin ta yi tana sayar da taliyar romon ƙaguwa a kasuwar garinmu Ninh Binh, ta aurar da 'ya'ya huɗu da ita, kuma har ta daina ba a taɓa jin abu ya ƙare mata a tsakiyar girki ba.

Kowace Lahadi, daga dawowa coci, kafin ma ta cire rigar ado, sai ta sauke kalandar bango, irin mai shafi ɗaya kowace rana. Babbar lamba ta kwanan wata ce, ƙaramar da ke ƙasa ta lissafin farin wata. Ta ɗaga shafi bakwai masu zuwa, ta rubuta abincin kowace rana a gefe. Duk wanda ya riga dawowa gida shi zai duba ya ɗora tukunya, ba ruwanta da namiji ne ko mace. Juma'a kifi, tunda ba ma cin nama. Da kaka abin ya fi tsanani: ana yankan shinkafa, mijina Quyet yana kan babbar mota, ni ina kamfanin ɗinki, ga addu'ar carbi ta watan goma da ke zagayawa gida gida kowace yamma. Ba don kalandar nan ba, da da yawa mun kwana da ruwan shayi.

Ni kuwa tsoronta nake ji, ba na ɓoyewa. Ba ta so aurenmu ba. Gidanmu mabiya Buddha ne, sai da na yi wata shida ina koyon addini aka yi mini baftisma, kuma duk da haka kallon da take yi mini a coci kamar na mai duba ƙwai a kasuwa ne.

Mahaifiyata ta rasu a shekarata ta biyu a gidan. Ita duk ranar sha biyar ga farin wata ba ta cin abu mai rai, ko kifi. Da ta tafi sai na ɗauki wannan rana, don ita kaɗai ce abin da ya rage mini nata. Ban faɗa wa kowa ba, har Quyet. Na san idan Mama Luyen ta ji, ita da ke shugabancin matan coci, cewa za ta yi baftismar tawa ta baki ce, kuma zaman gidan ba zai sake yi mini daɗi ba. Don haka ranar sai in ce cikina ke ciwo, in ci farar shinkafa da gishiri.

Bayan 'yan watanni na fara ganin wani abu. Ranar sha biyar ta zo, kalanda ta ce awara da kabewa. Wata na gaba, ganye da gyaɗa da riɗi. Quyet ya yi ƙorafi, ta ce masa wanda ke son alade ya je ya yi kiwo. Na ce a raina dace ne kawai, na ci na ƙoshi.

Sai ga kakar da addu'ar carbi ta faɗo gidanmu daidai ranar sha biyar. A gidan nan ba a sallamar mutane da ruwan shayi kaɗai, ciyarwa ake yi. Tun Lahadi na kasa duba shafin. Ranar da asuba na daure na duba: kaza, alade, miyar ƙashi. Can ƙasa, kusa da ƙaramar lambar, ta rubuta da ƙananan baƙaƙe: "Ngat, awara, tukunya dabam." Ngat ni ce. Ta sani ke nan, kuma yau a gaban mutum talatin za a yi ta.

Da yamma aka gama addu'a, aka shimfiɗa tabarmi. Ita da kanta ta ajiye mini kwanona. Maƙwabciyarmu Tuat, wadda idonta ba ya wuce kwanon kowa, ta leƙo ta yi murmushi.

"Luyen, wannan kuma na wace ce? Ko har yanzu amaryarku ƙafarta ɗaya na can wajen masu kunna wa Buddha turaren wuta?"

Na sunkuyar da kai, ina jin kunnuwana suna zafi. Mama Luyen ba ta ko daina zuba miya ba.

"Wata mata ce ta haifa mini ita, ta raine ta shekara ashirin da huɗu, ni na karɓa a shirye. Awara sau ɗaya a wata ta yi yawa a kan wannan? Ke ci kazarki, Tuat, kafin haƙoran su ƙarasa zubewa."

Aka yi dariya, har da Tuat ɗin. Mama ta sa tsinken cin abinci ta ɗauki awara ɗaya daga kwanona, ta tauna, ta yamutsa fuska, ta ce abinci ba ruwan kifin nan mai gishiri da muke sa wa girki ai hukunci ne.

Da muna wanke kwanuka na tambaye ta tun yaushe ta gane. Ta ce ita dai ta haifi huɗu, ba ta taɓa ganin ciwon cikin da ke duba farin wata kafin ya tashi ba. Na so in yi godiya. Amma ba ta ba ni dama ba.

"Watan gobe na addu'ar mamata ne," ta ce, tana goge tukunya. "Yaya ma sunan mahaifiyarki, in sa ta a ciki?"

Na faɗa mata. Shekara guda ke nan ban ji sunan a bakin kowa ba. Ta maimaita shi sau biyu a hankali don kada ya kuɓuce mata, sannan ta miƙo mini tsumma ta ce in goge fuskata in ƙarasa kwanukan.