Basarken da Ya Kai Jirgi Tafkin Bosomtwi

A Moshi Zango ta Kumasi, in ka tambayi gidan Garuba mai kifi, sai a tambaye ka na wace shekara kake nufi. Bai taɓa daɗewa a ɗaki guda ba. Wannan ya yi zafi, wancan ba iska, na gaba kuma tagarsa bango take kallo. Matarsa Zuleha, mai sayar da koko a bakin hanyar Manhyia, ta kai ga ba ta kwance ƙullin kayanta duka in sun tare a sabon wuri.

Shi Basarke ne, jinin masu jirgi da su, a Gaya aka haife shi, bakin kogin Kwara. Tun bai yi gemu ba yake fito da mutane da jakuna da buhunan albasa daga wannan gaɓa zuwa waccan, tsaye a bayan jirgi da gora a hannu. Bayan an gama yaƙin duniya ya biyo fatake zuwa Kumasi da kifi banda, da niyyar ya koma da goro. Bai koma ba. Ya yi dako a Kejetiya, ya yi gadi a wurin tsaga katako, ya bari, daga baya ya sami rumfa a babbar kasuwa yana sayar da busasshen kifi. Abinci bai taɓa yanke masa ba. Abin da ya rasa shi ne ruwa. Kumasi gari ne na tudu da kurmi, ba kogi sai 'yan rafuffukan da akuya ke tsallakewa. In an yi ruwan sama, sai a gan shi tsaye a bakin kwata yana kallon yadda take gudu, har sai ta janye.

A shekarar 1954 ya bi matan da yake sayen kifi a hannunsu zuwa inda suke samowa. Mota ta sauke su a kan dutse, suka gangara da ƙafa ta cikin gonakin koko. Da kurmin ya buɗe sai ga tafkin Bosomtwi shimfiɗe a ƙasa, zagayayye kamar akushi, duwatsu sun kewaye shi, ƙauyuka jere a bakinsa. Garuba ya tsaya yana kallo. Da ya duba sosai, bai ga jirgi ko ɗaya ba. Masuntan wurin a kan guntun itace suke hawa, kamar mai hawan jaki, ƙafafu cikin ruwa, suna tuƙi da sakaina a tafin hannu.

Ya tambayi ɗaya daga cikin matan dalili. Ta ce ruwan nan mai tsarki ne a wurin Tonawa, mutanen ƙasar, ba ya son ƙarfe, ko ƙugiya ba a sa masa. Gaskiya ta faɗa masa, sai dai ba ita ce duka gaskiyar ba, shi kuma bai ƙara tambaya ba, don ya riga ya ji abin da yake so ya ji. A ƙasarsu ana yin jirgin da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Huda katako ake yi, a ɗinke da igiya, a toshe kafofin da ciyawa da man kaɗanya. Kafin su gama hawan dutsen nan na komawa, ya gama ƙera jirgin a cikin kansa.

Ya sami amininsa Dramani, wani Badagombe mai harhaɗa bodin katako na manyan motoci a Suame, ya roƙe shi ɗan fili a bayan rumfa.

"Bazabarme, jirgi a Kumasi?" in ji Dramani. "A ina za ka tuƙa shi, a randar Zuleha?"

"Ni ba Bazabarme ba ne, na gaya maka."

"Duk wanda ya fito can Bazabarme ne. Ga ƙusa nan cike da gwangwani, kyauta, ka ɗiba."

"Riƙe abinka. Ƙusa aikin ragwaye ce."

Duk ranin nan Garuba na tashi daga kasuwa sai Suame. Ya tsinci ragowar katakon maɗaci, ya murza igiyar kaba da kansa. Gida biyu ya yi jirgin, gaba da baya, yadda za a iya ɗauka a kai a gangara dutse, a haɗa a bakin ruwa. A watannin nan ne kaɗai Zuleha ta ga yana cin tuwo a zaune har ya siɗe hannu. Ya yi mata alkawari: in jirgin ya hau ruwa, zai riƙa zagaya ƙauyukan bakin tafki yana sayen kifi, ya kwana biyu can ya dawo, kuma ba za su sake tashi daga ɗakin da suke ba. In kuwa abin bai yiwu ba, Gaya zai koma.

"Ka koma kai kaɗai, Maigida," ta ce. "Ni a nan aka binne uwata."

Bazarar 1955 ta shigo da zafi mai nauyi. Da safe gari tsit, ko ganye ba ya motsi, da azahar hadari ya taru ta gabas, ya yi ta gurnani, wani lokaci ya zuba, wani lokaci ya watse ya bar mutane da gumi. A irin wannan rana aka ɗora jirgin a motar wani abokin Dramani. Garuba da Dramani suka ɗauki 'yan dako a kan dutse, aka sauko da shi da ƙyar, ana zamewa a jar laka.

A bakin ruwa Garuba ya zauna ɗinki. Mutanen ƙauye suka kewaye shi. Cikinsu akwai wani dattijo, Agya Ntim, babban masuntan wurin, gajere mai furfura a ƙirji. Ya sa aka kawo wa baƙi ruwan sha, ya tsuguna yana shafa ɗinkin da yatsa, yana gyaɗa kai. Sai da aka ja igiyar ƙarshe ya yi magana, Dramani na fassarawa.

"Ya ce, Kramo, aikin nan ya yi kyau." Kramo shi ne abin da Tonawa ke kiran Musulmi. "Ya ce me za a zuba a ciki?"

"Ni za a zuba. Gaya masa ya duba ko'ina, in ya sami ƙarfe ko kamar ƙwayar gero, ya ƙone shi."

Dattijon ya saurara, ya dubi jirgin, ya dubi filafilin da ke jingine a gefe, sannan ya yi doguwar magana a hankali. Dramani ya sosa ƙeya kafin ya juya ta.

"Ya ce ba ƙarfe kaɗai ba ne. Duk abin da ke da ciki ba ya hawa ruwan nan. Filafili ma ba ya taɓa shi, gora ma haka. Tun kakanninsu."

"To me ya hana su faɗa tun da safe?"

"Ya ce su ma tun safe suke jira ka tambaya. Da ka zo ka gaishe su kafin ka sayi katako, da sun gaya maka."

Garuba ya miƙe, ya zagaya jirgin, ya dawo, ya sake zagayawa. Ya ce a gaya wa Baba shi ba kifinsu zai kama ba. Ya ce sau ɗaya kawai, daga nan zuwa wancan bakin kurmi. Ya ce zai kawo rago. Agya Ntim bai ɗaga murya ba, bai kuma canza amsa ba. Ruwan ba nasa ba ne da zai yi kyauta da shi.

Suna cikin haka iska ta sauko. A tafkin nan ba a ganin tahowar hadari daga nesa kamar a Kwara, duwatsu na ɓoye shi, sai dai ka ga ya leƙo ta bisa kanka. Nan da nan ruwan ya yi baƙi, taguwa ta tashi da farin kumfa. Akwai masunta da yawa a tsakiya. Garuba ya ga ɗaya ya kife, ya ga na biyu, ya sa kafaɗa a gindin jirginsa zai tura. Dramani ya rungume shi ta baya.

"Bari, mutane za su mutu," in ji Garuba.

"Dubi matansu, Bazabarme. Akwai mai kuka?"

Babu. Matan na ta kwashe kifin da suka shanya, suna gudu da shi cikin bukka. Waɗanda ke cikin ruwa kuwa da gangan suka sauka daga kan itacensu, kowa ya rungume nasa ya kwanta, iska na kora su. Itacen ba shi da cikin da ruwa zai cika, ba ya nutsewa. Ɗaya bayan ɗaya taguwa ta tofo su gaɓa, wasu can ƙauyen gaba, suka dawo a ƙafa suna rawar ɗari suna zolayar juna. Jirgin Garuba, da ke kan yashi, ruwan sama ya cika shi har rabi.

Da aka ɗauke, Agya Ntim ya jawo wani itace ya ajiye a gabansa, ya ɗora sakaina biyu a kai. Garuba ya dubi abin, ya ce a garinsu yara ne ke wasa da irin wannan. Ya juya ya kama hawan dutse, bai yi sallama ba.

Abin da ya biyo baya maƙwabta sun fi kowa sani. Ba ya zama a rumfa, ba ya zama a gida. Ya je tashar mota ya tambayi masu zuwa arewa, ya dawo, washegari ya sake zuwa. Ya ɗaure tabarmarsa ya kwance. Wata safiya Zuleha na tace gasara, yana ta kai da komo a tsakar gida har ya yi tuntuɓe da ƙwaryarta.

"Maigida, tsaya in tambaye ka. Ruwa kake so, ko so kake a gan ka tsaye a kansa?"

"Ke ba ki san abin da ake ce wa Basarke ba."

"Ban sani ba. Amma a can wa ya san ka? Mutanen Gaya za su leƙo ta kan dutse su ga ƙafarka a ruwa? Ka je ka hau icen, ko ka hau motar arewa. Ƙasar gidan nan ta gaji."

Ya fita bai karya ba. Ta ɗauka tashar arewa ya nufa, ta ci gaba da aikinta. Motar tafki ya hau, da goro a ƙunshe cikin ganye. Ya gaida Agya Ntim yadda ya kamata, ya ba da haƙuri kan tafiyar da ya yi ba sallama, ya tuɓe riga, ya naɗe wando.

Bai gama zama ba itacen ya mirgine da shi. Ya sake hawa, ya sake faɗawa. Ƙauyen duka ya fito kallo, mata na riƙe ciki don dariya. Agya Ntim ya shiga ruwa har ƙugu, ya buga masa gwiwa, ya nuna masa ya saki ƙafafu su rataya, ya daina neman tsayuwa. Kafin rana ta take ya yi nisan da ba a jin dariyar. Ya ajiye sakainun a cinya ya zauna a can, har sai da dattijon ya yi ta ɗaga masa hannu, don gabas ta fara duhu.

Ba su yarda ya yi su ba, wannan na 'yan ƙasa ne. Sun dai bar shi ya riƙa bin gaɓa daga ƙauye zuwa ƙauye da kwando ɗaure a gabansa, yana sayen ƙananan karfasa. Jirgin kuwa aka ja shi sama da gari, nesa da ruwa, mata na zuba ɗanyun 'ya'yan koko na gona a ciki suna rufewa da ganyen ayaba. Garuba ba ya bi ta wajen.

Har bana yana zuwa, ya fita Talata ya dawo Alhamis. Da bazara yakan bar ruwa tun kafin azahar, kamar kowa. A kasuwa har yanzu yana cewa abin da suke hawa ba jirgi ba ne, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi zai sha labarin Kwara. In Dramani ya tsokane shi da tambayar ina gorarsa, sai ya miƙa masa tafin hannu ya ga kantar da sakaina ta yi masa.