Telse Harms da Tauraro Marar Ƙarfe

Telse Harms 'yar manomin kabeji ce. Ta baro ƙauyensu na bakin teku tana da shekara goma sha bakwai, ta zo Hamburg koyon ɗinki. Gwanintarta ita ce gyaran rigar da asu ya ci: sai ta zaro zare daga gefen yadin ta saƙe hujin, har mai rigar ya rasa inda aka taɓa. Da shagonsu ya rufe a 1979, wata maƙwabciya ta ce mata gidan binciken taurari da ke bayan gari yana neman mai kaifin ido da haƙuri.

Da rana ake aikin, a wani ɗaki mai sanyi. Daga Chile ake aiko da hotunan sama a kan fallayen gilashi, cikin akwatunan katako. Kowane falle yana da dubban taurari, an baje hasken kowanne ya zama kamar guntun zare. Dakta Tammen, shugaban sashen, ya zaunar da ita gaban madubin ƙara girma.

"Frau Harms, kin ga inda zaren nan ya yi kamar ya tsinke? Alamar ƙarfe ke nan. Ki nemo mini waɗanda ba su tsinke ba."

"Me marasa ƙarfen suka fi sauran?"

"Tsufa. Da farko babu ƙarfe ko'ina. A cikin taurari aka dafa shi, suka fashe suka watsa, na baya suka gada. In kin ga wanda bai samu gadon ba, to an haife shi tun gungun taurarin da ranarmu ke ciki bai gama haɗuwa ba."

Da ta ba mijinta Hinnerk labari, ya yi dariya har ya ƙware. Mai walda ne a inda ake ƙera jiragen ruwa.

"Wato ni in wuni cikin ƙarfe, ke ki wuni neman inda babu shi? Ki kawo su wurinmu mana, mu ɗan sam musu!"

"Kai dai wanke hannunka kafin ka taɓa min burodi," in ji Telse.

Shekara takwas tana zagaye taurari da jan tawada a kan gilashin. A 1987 ta ga wani can a gefen gilashi, dishi-dishi, zarensa sumul daga farko har ƙarshe. Dakta Tammen ya leƙa, ya ce karce ne kawai.

"Herr Dakta, shekara ashirin na yi ina gyaran yadi. Na san zare, na san karce."

Don kada ranta ya ɓaci, ya rubuta lambar tauraron a can ƙasan jerin waɗanda za a sake dubawa. Nan ya zauna shekara uku. Sai Dakta Wiebke Ohlsen, wadda suke shan kofi tare kullum da hantsi, ta tafi Chile. Ta gama nata aikin da sauran rabin awa, ta juya babban madubin hangen taurari wajen tauraron Telse.

Bayan mako biyu Dakta Tammen ya shigo ɗakin da kek na tuffa a hannu, kunnuwansa sun yi ja. Ya ce ƙarfen tauraron bai kai kashi ɗaya cikin dubu na ranarmu ba, kuma bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ce ya yi kuskure. Telse ta tashi ta nemo wuƙa da faranti.

Da aka buga rahoton, sunanta ya fito a layin godiya, a shafin ƙarshe. Hinnerk ya ƙera wa shafin firam da hannunsa. Ya yi nauyi har ya tumɓuke ƙusar bango, dole suka jingina shi a kan kabad.

Ba a ganin tauraron daga Hamburg, a sararin kudu yake. Hinnerk ya yi alkawarin kai ta Chile in ya ajiye aiki, har ya sayi ƙaramin littafin koyon Sifananci yana damunta da gaisuwa a kicin. Huhunsa bai bar shi ba. Ya rasu a 1996. Wiebke ta yi mata tayin su je tare, Telse ta ce a'a, ta gode, tafiyar ta mutum biyu ce. Ba da daɗewa ba kwamfuta ta karɓe aikin duba gilashi, ita kuma ta koma gida.

A 2011 aka tashi mayar da tsofaffin fallayen cikin kwamfuta, aka rasa mai gane alamomin da ke jikinsu. Wiebke, wadda yanzu ita ce shugabar sashen, ta je da mota ta ɗauko ta. Idon Telse ya riga ya dushe, sai an faɗa mata abin da ke kan gilashin.

"Nan akwai zagaye da ɗigo biyu, Telse."

"Ina shakkarsa ke nan."

"Wannan kuma gicciye ne."

"Ƙuda ne ya ɓata wurin, ki wuce."

Duk ranar Talata take zuwa, har aka gama akwati na ƙarshe bayan wata goma sha huɗu. Ranar ta roƙi a bar ta ta jera fallayen da kanta. Ta kama kowanne ta gefe, ta zura shi a gurbinsa a hankali, Wiebke tana riƙe mata murfin akwatin.