Gwaggo Slavjanka da Tukunyar Alƙali

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da Slavjanka Trpeska a rajistar kotun garinmu, gahawa a gefe, tana buɗe wasiƙun da suka zo daga gidan yari. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma a ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Wasu wasiƙun da fensir aka rubuta su, wasu a bayan takardar magani, rubutu kamar tonon kaza. Abokan aikinta sukan tura su ƙasan tari, ita kuwa da su take farawa. "Mai lauya yana da baki," in ji ta. "Wanda ke kulle ba shi da bakin da ya wuce takardar nan." Shi ya sa fursunonin da ba su taɓa ganinta ba suke kiranta Gwaggo.

Maganar wani fursuna, Vangel, ce ba na mantawa. Wata Juma'a cikin Satumba kokensa ya iso. Ido ɗaya ya rage masa, likita ya sa Talata a yi masa aiki, ga shi Litinin za a mayar da shi wani gidan yari mai nisa. Yana roƙon kotu ta ba da umarnin gaggawa a tsayar da tafiyar. Alƙali Dimko kuwa tuni ya sulale gida, don lokacin ajvar ne, kowane gida ana gasa tattasai ana tuƙa shi a tukunya.

Gwaggo ta hau bas. Ta same shi a tsakar gida da gajeren wando yana fama da muciya, matarsa ta sa masa ido.

"Ranka ya daɗe, ga takarda."

"Haba Slavjanka! In na saki muciyar nan ya kama, matar nan sai ta ga bayana. Litinin mana."

"Litinin mota ta tashi da shi. Miƙo nan, dama tuƙin naka na 'yan koyo ne."

Ta ƙwace muciyar. Awa biyu tana tuƙi, hayaƙi na cin idonta, alƙali na zaune kan buhun tattasai yana karatu yana buga waya. Kafin a sauke tukunya ya sa hannu. Matarsa ta ɗanɗana, ta ce tunda ta aure shi ba ta ci mai daɗin wannan ba.

Bayan wata guda wasiƙar Vangel ta zo: "Gwaggo, ina gani. Har fuskar gandirobanmu na gani, ba kyau, amma na gode."

Ke ce uwar marasa lauya, Slavjanka, kuma wallahi za mu yi kewarki. Mun gode, Allah Ya ba ki hutu da lafiya. Ku kuma da za ku gaji kujerarta, kada ku ce sai Litinin. Wani idonsa ne ba zai jira Litinin ba.