Ranar da Faifan Asibitinmu Ya Mutu

Aikina na farko bayan na gama makaranta a wani ƙaramin asibitin kuɗi ne a unguwar Manawashi. Ni ba likita ba ne, kwamfuta nake kula da ita. A wani ɗaki mara taga, bayan ɗakin magani, aka ajiye babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan duk marasa lafiya. Wanda na tarar a ɗakin wani dattijo ne Batangale, siriri, mai ƙarancin magana. Kowa Baba yake ce masa.

Shi ya fara nuna mini lambobi ukun da ke kusurwar allon. Ya ce, "Wannan shi ne lodi. Yawan ayyukan da take yi ne da waɗanda ke layi suna jira. Ta farko na minti ɗaya da ya wuce, ta biyu na minti biyar, ta uku na sha biyar. Ƙwaƙwalwarta gida huɗu ce, saboda haka in ka ga huɗu, kowane gida ya samu aikinsa. Abin da ya haura, jira yake."

Wata Litinin da hantsi, ga mutane sun cika baranda, sai komai ya tsaya cak. Malamar jinya ta leƙo ta ce katin kowane mara lafiya ya ƙi buɗewa a kwamfuta, akwai kuma wata tsohuwa daga Kwadon mai ciwon suga, likita na son ganin magungunan da aka ba ta a baya, 'yarta kuwa ba ta san sunayensu ba.

Na duba allon. Lambar farko ta kai ashirin, sauran biyun na biye da ita. Na kai hannu zan kashe in sake kunnawa, don abin da na saba yi ke nan a shagon intanet na Tudun Wada inda na koyi aiki. Baba ya riƙe mini hannu.

"Dakata, ɗana. Dubi ƙwaƙwalwar, aiki take yi?"

Na duba. Kusan a zaune take.

"To me ya tara layi haka?"

Na ce ban sani ba.

"Faifan ajiya suke jira, shi kuma ya kasa amsawa. Kasa kunne."

Na kasa kunne. Can cikin akwatin kwamfutar na ji wani ƙas-ƙas a hankali, yana yi yana tsayawa. Baba ya ce faifan mutuwa yake yi, in muka kashe ba lallai ya sake tashi ba.

Ya fita da kansa ya roƙi ma'aikata kowa ya ɗaga hannu daga kwamfutarsa, a koma biro da takarda. Mai asibitin ya zo yana faɗa, Baba ya ce, "Likita, ka yi haƙuri, in na gama ka kore ni." Ya dawo ya zauna muka fara kwashe bayanan zuwa wani faifai. Na tsohuwar nan ya fara cirowa, ya rubuta magungunan a takarda ya ba ni na kai.

Lokacin azahar ya ce in je in yi salla, zai tsare. Da na dawo na tarar lambar farko ta sauka ƙasa da ta uku, na yi murna. Ya girgiza kai ya ce saukar ba ta lafiya ba ce, ayyukan ne suka gaji da jira suka faɗi. Kafin la'asar faifan ya yi shiru. Mun tsira da mafi yawa, amma bayanan masu awon ciki na shekarar sun tafi. Mata da yawa sai da aka sake yi musu tambayoyi da gwaji tun daga farko, Baba kuma ya daɗe yana jin nauyin haɗa ido da su a baranda.

Bai cika shekara ba bayan haka ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, iyalinsa suka mayar da shi gida Kaltungo. Na je duba shi sau ɗaya. Bakinsa ya karkace, magana da ƙyar, amma ya gane ni ya matse mini yatsu.

Da ya rasu muka cika mota daga asibiti zuwa Kaltungo, inda aka yi masa addu'ar jana'iza a coci. Ban taɓa shiga coci ba sai ranar. Na zauna a bencin baya da hulata a gwiwa, suna waƙa da Tangale, ban ji ko kalma ɗaya ba. Da aka fito, matarsa ta tambayi wane ne yaron ɗakin kwamfuta. Aka nuna ni. Ta dube ni ta ce, "Sannu da hanya, ɗana. Ka ci abinci kafin ku koma."